Abincin kamfani, kumburi da zuciyar namiji: tambayoyi da amsoshi

Wane irin abinci ake magana a kai?

Ba duk abin da ya bi ta inji ba ne. Madarar da aka dafa aka rufe, ko waken gwangwani, sarrafawarsu ba ta yi nisa ba. Wanda ake kuka da shi shi ne wanda Farfesa Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo a Birazil ya fara jan hankali a kansa a 2009: lemon kwalba, biskit, alawa, soyayyen dankalin leda, naman da kamfani ya niƙa ya zuba wa sinadarai, taliyar da ake jiƙawa da ruwan zafi. Juya ledar ka karanta. Idan ka ga sunayen da babu su a kicin ɗin kowa, na launi, na ƙamshi, na hana lalacewa, to shi ne.

Mene ne haɗin kumburi da ciwon zuciya?

Ba irin kumburin targaɗe ba ne, ido bai ganinsa. Garkuwar jiki ce take zama cikin faɗa ƙasa-ƙasa shekara da shekaru. Idan mugun kitsen jini, LDL, ya kutsa cikin bangon jijiya, fararen ƙwayoyin jini sukan bi shi su haɗiye shi, su maƙale a wurin, har tudu ya taso. Kumburi ne ke cinye fatar da ta lulluɓe tudun nan. Ranar da ta fashe, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. Idan a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Wannan ba hasashe ba ne. A gwajin CANTOS na 2017, an ba mutane sama da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya maganin da ke rage kumburi kawai, bai taɓa kitsen jini ba, amma haɗarin sake kamuwa ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari. A asibiti ana auna kumburin da gwajin CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa.

Ta ina abincin ke hura wutar?

Ta tumbi da farko. Kitsen da ya kewaye kayan ciki ba zaman banza yake yi ba, yana sakin sinadaran kumburi cikin jini. Sai hanji: an tace dusa da zaren hatsi daga irin wannan abinci, alhali su ne abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke kare bangon hanji. Ga gishiri mai ta da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a kai giram 5 a rana, kuma mai cin abincin leda yakan wuce haka bai taɓa robar gishiri ba.

Me ya sa ake ware maza?

Ciwon zuciya yakan riski namiji shekara bakwai zuwa goma kafin mace. Mace kafin ta daina al'ada tana da kariyar sinadarin estrojin, kuma kitsenta yawanci a cinya da ƙugu yake taruwa. Na namiji ciki yake zarcewa. Akwai kuma alamar da maza ke jin nauyin faɗa wa likita: raunin gaba. Jijiyoyin wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara nuna lalacewa, sau da yawa shekaru kafin ƙirji ya motsa. Wanda ya ga haka, gwajin jini da na sukari ya kamace shi, ba neman maganin ƙarfi ba.

An gwada a kan mutane kuwa?

An gwada. A 2019 Kevin Hall na Cibiyar Lafiya ta Ƙasa a Amurka ya killace mutum 20, mako biyu suna cin abincin kamfani, mako biyu na gida, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa ƙara cin kusan kalori 500 a rana (kalori ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci ne), nauyinsu ya hau da kusan kilo ɗaya. A shekarar ce kuma binciken NutriNet-Santé a Faransa, mai mutane sama da 100,000, ya nuna duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na irin wannan abinci a cimar mutum yana tafiya da ƙarin kashi 12 cikin ɗari na haɗarin ciwon zuciya da jijiyoyi.

Dole ne a daina gaba ɗaya?

A'a, kuma ba duka ne illarsu ɗaya ba. Lemon zaƙi da naman kamfani su suka fi fitowa da laifi a bincike, daga nan za a fara. A maye gurbinsu da ruwa, wake, kifi, ƙwai, kayan lambu da hatsin da ba a cire wa dusa ba. Namijin da awon cikinsa ya haura santimita 94, ko ya wuce shekara 40, ya je a auna masa hawan jini, sukari da kitsen jini ko da bai jin komai.