Ƙwayar cutar HMPV a lokacin juna biyu

HMPV, wadda ake kira metapneumovirus ta ɗan Adam, ƙwayar cuta ce ta bairos da ke kama hanci da maƙogwaro, wani lokaci ta gangara zuwa huhu. Dangi ɗaya suke da RSV, wata ƙwayar da ita ma ke kawo ciwon numfashi, kuma sunan dangin Pneumoviridae. Mace mai juna biyu tana kamuwa da ita kamar kowa, ta hanyar tari da atishawa, ko taɓa abin da mai cutar ya taɓa sannan a kai hannu ido ko hanci.

Tarihi

A shekarar 2001 ne Bernadette van den Hoogen da abokan aikinta a cibiyar Erasmus da ke Rotterdam, ƙasar Holan, suka fara bayyana ƙwayar, bayan sun ware ta daga majinar yara 28 masu ciwon numfashi. Sabon suna ne ga tsohuwar cuta, domin da aka auna jinin da aka adana tun 1958 an tarar da alamunta a ciki. Abin da ya ɓoye ta tsawon waɗannan shekaru shi ne tsirowarta a ɗakin gwaji na da jinkiri da wahala. Mafi kusa da ita a halitta wata ƙwaya ce ta tsuntsaye, kuma ana hasashen cewa daga can ta tsallako zuwa mutane kimanin shekaru 200 da suka wuce, ko da yake wannan ƙiyasi ne. A 2016 aka fitar da HMPV daga dangin Paramyxoviridae da aka sa ta a da, aka mayar da ita Pneumoviridae. Kusan kowane yaro kan kamu kafin ya cika shekara biyar, amma garkuwar ba ta hana sake kamuwa, shi ya sa babba ma takan komo masa.

Alamomi

Sukan bayyana bayan kwana 3 zuwa 6: mura, tari, zazzaɓi, ciwon maƙogwaro. Mafi yawa sukan warke da kansu.

Ga mai ciki

Ciki yana sauya numfashi. Mahaifa na tura tantanin da ke ƙasan huhu sama da kusan santimita 4, buƙatar iskar oksijin tana ƙaruwa da kimanin kashi 20 cikin ɗari, garkuwar jiki kuma tana sauya salo don kada ta yaƙi ɗan tayi. Saboda haka ciwon da zai tsaya a mura ga wata, yana iya zama ciwon huhu ga mai tsohon ciki, musamman mai asma.

Binciken da aka fi ambata an yi shi ne a karkarar kudancin Nepal tsakanin 2011 da 2014, a cikin gwajin rigakafin mura ga masu ciki. Daga mata 3,693 da aka bi har wata shida bayan haihuwa, an samu ƙwayar a jikin 55, kuma 25 daga cikinsu suna ɗauke da ciki lokacin da suka kamu. Waɗannan sun fi sauran yiwuwar haifar jariri wanda nauyinsa bai kai na watanninsa ba. Adadin ƙarami ne, don haka masana ba su ɗauke shi a matsayin hukunci na ƙarshe ba.

Garkuwar uwa tana ratsa mabiyiya zuwa jariri, sai dai tana raguwa cikin watannin farko.

Gwaji da magani

Ana tabbatar da ita da gwajin PCR na majinar hanci, wanda ke gano ƙwayar halittar bairos ɗin. Babu rigakafi, babu maganin da ke kashe ta. Allurar RSV da Amurka ta amince a yi wa masu ciki a 2023 ba ta kare su daga HMPV. Ana ba da hutu da ruwa da farasitamol don sauke zazzaɓi. Ana guje wa ibuprofen daga mako na 20, ribavirin kuwa, wani maganin bairos, yana illa ga ɗan tayi. Sarƙewar numfashi, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko raguwar motsin ciki, duk suna buƙatar ganin likita nan take.

Yawaitar kamuwa da aka gani a arewacin Sin a ƙarshen 2024 ta tayar da hankali, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta wuce abin da aka saba gani a lokacin hunturu ba.