Taɓin Hankali a Gaban Kotu: Tambayoyi da Amsoshi

Shin duk mai taɓin hankali ne doka ke ɗauke wa alhakin laifi?

A'a. Sashe na 51 na kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewacin Najeriya a 1960, yana kare wanda, a daidai lokacin da ya aikata abin, rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ya hana shi sanin irin abin da yake yi, ko sanin cewa kuskure ne ko ya saɓa wa doka. Mutum na iya shafe shekaru yana karɓar magani a asibitin Dawanau ko na Kware, amma kotu ta same shi da laifi idan ya tabbata cewa a ranar yana cikin hayyacinsa. A Kudu, sashe na 28 na Kiriminal Kod, kundin dokokin laifuka na can, ya fi faɗi, domin ya haɗa da wanda ya san abin da yake yi amma ya kasa kame kansa.

Daga ina ma'aunin ya samo asali?

Daga Ingila. A 1843 Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel, aka wanke shi bisa dalilin hauka. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa alƙalai suka tsara ƙa'idojin da ake kira da sunansa.

Wa ke da nauyin kawo hujja?

Doka tana ɗaukar kowa a matsayin mai hankali, don haka wanda ake tuhuma ne zai gamsar da kotu, ta hanyar shaidar likita, tarihin jinyarsa da bayanan waɗanda suka ga halinsa kafin aukuwar abin da bayansa. Muni ko rashin dalilin laifin kaɗai ba hujjar hauka ba ne. Wanda kuma ya bugu da son ransa, sashe na 52 na Final Kod bai kare shi ba.

Me shari'ar Musulunci ta ce?

Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da mahaukaci har sai ya warke. A mazhabar Malikiyya ba a yi masa kisasi idan ya yi kisa, amma haƙƙin mamacin bai faɗi ba, domin dangin mahaukacin na wajen uba su ke biyan diyya.

Idan kariyar ta yi nasara, gida zai koma?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kotu kan ba da umarnin tsare shi har sai gwamna ya yanke shawara a kansa, ba tare da wa'adi ba, kuma saboda ƙarancin gadaje a asibitocin ƙwaƙwalwa, wasu a gidan gyaran hali suke ƙarewa.