Satar Amsa: Ina Aka Samo Ɗaurin Shekara 21 da Ake Tsorata 'Yan Aji Shida da Shi?

Duk shekara da jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, sai wani saƙo ya fara yawo a zaurukan WhatsApp na iyaye da na ɗalibai: wai duk yaron da aka kama da satar amsa, ɗaurin shekara 21 ne ke jiransa. Har a wurin asambule wasu malamai kan maimaita shi don yara su shiga taitayinsu. Niyyar mai kyau ce, amma maganar ta tsufa.

Shekara 21 ɗin daga dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta fito, zamanin Buhari da Idiagbon. Tuni aka maye gurbin wannan tanadi da Dokar Maguɗin Jarrabawa, wato doka mai lamba 33 ta 1999, wadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa gab da miƙa mulki. Ita ce ke aiki har yau, kuma babu inda ta ambaci shekara 21.

Dokar ta hau kan ɗalibi, malami, shugaban makaranta, mai sa ido, sufabaiza, mai makin takardu, ma'aikacin hukumar jarrabawa, har da uban da ya ba da kuɗi aka sayo takardar tambayoyi. Laifukan kuwa sanannu ne: satar amsa, sace takardar tambayoyi, sojan gona, shiga da makami, hana sufabaiza aikinsa, da buga sakamakon bogi.

Inda ya kamata a tsaya a nutsu shi ne hukuncin, domin sashe na 1 ya raba masu laifin gida uku. Wanda bai kai shekara 18 ba, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko a haɗa masa duka. A lura da “bai wuce ba”: shekara uku ita ce maƙura, alƙali na iya yin ƙasa da haka, yana kuma iya tsayawa a kan tara. Malami, shugaban makaranta, mai sa ido da ma'aikacin hukuma kuwa shekara huɗu ce, ba zaɓin tara. Sauran mutane, shekara uku, su ma ba zaɓin tara. Ke nan yarinyar da ta naɗe 'yar takarda ta cusa a safa ba ita doka ta fi nufa da bulala ba. Wanda aka fi tanadar wa shi ne malamin da ya cika allo da amsa, ya tsayar da wani a bakin ƙofa yana gadi, bayan an karɓi “kuɗin sufabaiza” daga hannun kowane ɗalibi. A ganina nan dokar ta yi daidai. Amma wannan ɓangaren ba kasafai ake karanta wa yara shi a asambule ba, kowa kuma ya san dalili.

Akwai wani tanadi da ke rikita mutane. Dokar ta ce wanda bai kai shekara 17 ba, idan aka tuhume shi, za a bi da shi ne ta dokar yara da matasa, ba yadda ake bi da manya ba. Sauran shari'o'in na Babbar Kotun Tarayya ne. To sai shekarun ɗalibai suka zama hawa uku. Ɗan 16 yana ƙarƙashin tsarin shari'ar yara. Ɗan 17 zai tsaya a Babbar Kotun Tarayya, amma yana da damar tara. Ɗan 18 ya faɗa cikin “sauran mutane”: shekara uku, babu tara.

Nan ne na ga dokar ba ta duba halin da muke ciki ba. A makarantun gwamnati na Arewa, musamman na karkara, ba abin mamaki ba ne ka tarar da ɗan aji shida mai shekara 19 ko 20. Wani ya fara da makarantar allo kafin a sa shi boko, wani ya maimaita aji, wata kuma rashin kuɗi ya zaunar da ita a gida shekara biyu. Sai ga yara biyu a benci ɗaya, laifinsu ɗaya, wanda ya samu gatan fara karatu da wuri zai iya biyan tara ya koma gida, ɗayan kuwa doka ba ta bar wa alƙali wata ƙofa a kansa ba. Ita tarar ma ta sha bamban da yadda take a da. A 1999 naira 100,000 ta fi albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci. Yau da mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 a wata, ba ta kai na wata biyu ba.

Sai wata “shekara uku” daban da ake cakuɗawa da ta gidan yari. A watan Mayun 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da umarnin a haramta wa duk ɗalibin da aka samu da maguɗi zana jarrabawar WAEC, NECO, NABTEB da JAMB na tsawon shekara uku, ta amfani da lambar NIN. Wannan ba ɗauri ba ne, kuma ba kotu ke yanke shi ba. Ya dogara ne da sashe na 16 na dokar, wanda ya ba hukumar jarrabawa ikon riƙe sakamako ko soke shi, da dakatar da ɗalibi, da janye amincewa daga makaranta, da kuma aika sunayen ga sauran hukumomi. Da can wanda WAEC ta kama sai ya tsallaka NECO. Da NIN ake son toshe wannan hanya.

Wannan hukuncin ne ya fi kusa da ɗalibi, ba kurkuku ba. Duk shekara WAEC kan riƙe sakamakon dubban ɗalibai, alhali ba kasafai ake jin an gurfanar da ɗan sakandare a kotu ba. Kuma riƙe sakamako ba soke shi ba ne, bincike ake yi, ana iya sakinsa. Kundin Tsarin Mulki, a sashe na 36(5), ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. A kotu ke nan. A wurin hukuma kuwa, idan aka samu amsoshin ɗaki guda iri ɗaya har da kuskuren rubutu, hukuncin kan iya haɗawa da yaron da ya yi karatunsa tsakani da Allah. Shi ya sa uban da ya kai ɗansa makarantar da ake kira mirakul senta, wato inda ake biyan kuɗi a ba ɗalibai amsa, yake jefa shi cikin haɗari ko da yaron bai kwafi ko harafi ba.

A darasin Sibik ana sa yara haddace rassan gwamnati uku da ma'anar bin doka da oda, su zana jarrabawa a kai, amma dokar da ke aiki a kansu a cikin ɗakin jarrabawar ba a buɗe musu ita. Gajeriyar doka ce, darasi biyu sun isa. Malami ya rubuta sashe na 1 a allo, ya kawo misali: ɗan 16, ɗan 19 da wani malami, an kama su a ɗaki ɗaya. Ya raba aji, wasu masu gabatar da ƙara, wasu masu kare waɗanda ake tuhuma, ɗaya alƙali, su faɗi wace kotu kowanne zai je, wa ke da damar tara, wa ba shi da ita. Daga nan za su gane bambancin zargi da hukunci, da bambancin ikon kotu da na hukuma. Sai dai malamin ya shirya, domin da wuya a tashi darasin ba tare da wani ya ɗaga hannu ya tambayi Malam shekara nawa doka ta ce a kan wanda ya rubuta amsa a allo ba.