Gajerun Kalmomin Turanci a Matsayin Sunayen Jarirai

Gajerun kalmomin Turanci na yau da kullum da ake raɗa wa jarirai wani rukuni ne na sunaye a ƙasashen da ke magana da Turanci, inda iyaye kan ɗauko kalmar da kowa ke furtawa a kasuwa ko a gida, mai gaɓa ɗaya ko biyu, su mai da ta sunan ɗansu ko 'yarsu. Daga cikinsu akwai Hope, wato bege, da Joy, wato murna, da Dawn, wato ketowar alfijir, da River, wato kogi. Abin da ya raba su da sauran sunayen Turawa shi ne ma'anarsu a fili take. Baturen da ake kira John ko Elizabeth sai ya buɗe littafi kafin ya san cewa sunansa daga Ibrananci ya fito, amma wadda ake kira Grace ba ta buƙatar tafinta.

Al'adar ta kafu ne a Ingila daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa na 17, a hannun 'yan Puritan, wani ɓangare na Kiristocin Furotesta masu tsananin riƙo da addini. Sun ƙyamaci sunayen waliyyan Katolika, sai suka koma ga Littafi Mai Tsarki da kuma sunayen kyawawan halaye. Faith da Hope da Charity sun fito ne daga ayar da ta jera bangaskiya da bege da ƙauna a wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa. Wasu ba su tsaya kan kalma ɗaya ba, jimla guda suke ɗora wa yaro don ta zame masa wa'azi. Mafi shahara shi ne Praise-God Barebone, mai sayar da fata a Landan, wanda sunansa ke nufin a yabi Allah, kuma da sunansa ake yi wa majalisar dokokin Ingila ta 1653, ta zamanin jagoran soja Oliver Cromwell, laƙabi. A jirgin ruwan Mayflower da ya kai masu ƙaura daga Ingila Amurka a 1620, 'ya'yan William Brewster, ɗaya daga cikin jagororin tafiyar, biyu maza sunayensu Love da Wrestling, wato ƙauna da kokawa, akwai kuma yara mata masu suna Remember da Humility. Dogayen sunayen sun zama abin zolaya suka ɓace, gajerun kuwa suka zauna, akasari a kan mata.

A ƙarshen ƙarni na 19 yayi ya koma kan furanni da duwatsu masu daraja: Lily, Ivy, Daisy, Pearl, Ruby. Sunayen watanni irin su May da June su ma suka samu shiga. Sai shekarun 1960 da 1970, lokacin da matasan Amurka masu bijire wa al'adun iyayensu suka rungumi sunayen halittu. Jarumin fim River Phoenix, haifaffen 1970, yana da ƙanne mata masu suna Rain da Summer, wato ruwan sama da bazara. A ƙarni na 21 fitattun taurari ne suka sake hura wutar abin, kamar yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce a 2004 da Gwyneth Paltrow ta sa wa 'yarta Apple, wato tuffa. Ana iya bin sawun wannan hawa da sauka a jerin sunayen da hukumar tsaron jin daɗin jama'a ta Amurka ke fitarwa duk shekara, wanda bayanansa suka faro daga 1880.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kiyaye. Ba duk sunan da ya yi kama da kalma ba ne ya fito daga kalmar. Mark daga sunan Latin Marcus yake, ba shi da haɗi da kalmar da ke nufin alama. Bill da Will gutsuren William ne, Sue kuma na Susan. Hunter da Chase ta hanyar sunayen dangi suka shigo. Ko Rose, da kowa ke ɗauka furen wardi ne, masana da dama na ganin tushensa wani tsohon sunan Jamusawa ne da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka kawo Ingila, daga baya aka jingina shi ga furen.

Doka ma tana da ta cewa. A New Zealand hukumar rajistar haihuwa kan ƙi karɓar King da Prince da Justice saboda suna kama da muƙami, alhali a Amurka King suna ne da ake yawan sa wa yara maza. A jihar Tennessee, a 2013, wata alƙaliya ta umarci a canza sunan wani jariri daga Messiah zuwa Martin, amma wata kotu ta soke hukuncin.

A Najeriya al'adar ta samu gindin zama sosai, musamman a gidajen Kiristoci. Blessing da Gift da Favour da Peace da Mercy sun cika makarantu, ga Sunday da Monday da Friday na ranar haihuwa. Goodluck Jonathan ya shugabanci ƙasar daga 2010 zuwa 2015, matarsa kuma Patience. Ba kwaikwayon Turawa ne zalla ba, domin harsunan ƙasar dama suna raɗa suna mai ma'ana a bayyane: Ngozi na Ibo shi ne Blessing, Ayo na Yarabawa shi ne Joy. Bahaushe da ya saba da Ladi da Talatu da Jummai da Auta ba zai ga baƙon abu a nan ba, kuma a gidajen Kiristocin Arewa yarinyar da ake kira Grace ko Joy a makaranta sau da yawa ita ce Alheri ko Murna a gaban kakarta.