Robar baki a filin wasa: yadda abin da aka haramta jiya ya zama dole yau

A shekarar 1921, a wani damben neman kambun duniya tsakanin Jack Britton da Ted Lewis, rigima ta kaure kan wata 'yar roba da Lewis ya cusa a bakinsa. Manajan Britton ya kafe cewa maguɗi ne, wai tana ba mai ita fifikon da abokin karawarsa ba shi da shi, kuma aka ba shi gaskiya. Yau, shekara ɗari da 'yan kai bayan nan, ɗan damben da ya hau dandamali babu wannan roba shi ake saukowa da shi. Sai dai wannan sauyi bai game duk wasanni ba, musamman a wurin yara 'yan makaranta da manyan da ke wasa don sha'awa kawai, ba don albashi ba. A can ne har yanzu ake kai ruwa rana kan ko a tilasta ko a bar wa kowa zaɓinsa.

Kafin a san robar, 'yan damben ƙarni na 19 auduga suke dantsewa a tsakanin haƙora, ko soso, ko guntun katako. Hankalin mutum sai ya rabu biyu, rabi a kan abokin karawa, rabi a kan riƙe abin da ke bakinsa. Wajen 1890 wani likitan haƙori a Landan, Woolf Krause, ya fara lulluɓe haƙoran gaban 'yan dambe da wani irin ƙaron itace don kada su yaga leɓe. Ɗansa Philip, wanda shi ma likitan haƙori ne kuma yana taɓa dambe, ya gyara fasahar ya yi ta da roba wadda za a iya sake amfani da ita. Irinta ce Lewis ya sa aka yi masa caa.

Abin da ya karya gardamar ya faru a 1927. Mike McTigue yana kan gaba a dambensa da Jack Sharkey, nasara ta kusa hannu, sai haƙorinsa ya yanke masa leɓe, jini ya ƙi tsayawa, aka tsayar da wasa aka ba Sharkey nasara. Mutum ya rasa dambe saboda haƙorin bakinsa. Daga nan robar ta zama ruwan dare a boksin, har ta kai ga zama sharaɗi. A damben masu sha'awa ma an taɓa hana sa jar roba, domin kada launin ya ɓoye wa alƙalin wasa jini.

Yana da kyau a fahimci me ya sa ake wannan hidima duka kan haƙori. Ƙashi in ya karye ana ɗora shi ya haɗe, fata in ta yage ana ɗinkewa ta warke. Haƙorin dindindin kuwa in ya tafi ya tafi ke nan. Waɗanda suka fi shan duka su ne na gaba na sama, su ne kuma ake gani da zarar mutum ya buɗe baki. Yaro ɗan shekara 12 da ya yi giɓi a filin wasa ba za a dasa masa haƙorin ƙarfe a muƙamuƙi ba sai ƙashin fuskarsa ya gama girma, don haka zai yi shekaru yana fama da na wucin gadi, bayan nan kuma gyara da sauyi har tsufa. Ƙwararren ɗan wasa yana da kulob da likita da inshora a bayansa. Mai wasan sha'awa kuwa aljihunsa ne, ko na iyayensa. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa waɗanda doka ta fi yi wa rana su ne waɗanda aka fi yi wa sakaci.

Aikin robar ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Tana baza ƙarfin bugu a kan haƙora da yawa maimakon ya sauka a kan guda, tana shiga tsakanin haƙora da leɓe da kumatu, sannan tana hana haƙoran ƙasa su haɗu da na sama da ƙarfi idan aka daki haɓa.

Amurka ce ta fara mayar da abin doka ga ɗimbin yara. A shekarun 1940 da 1950, rahotanni sun nuna cewa daga kwata zuwa rabin raunukan da ake samu a ƙwallon zari-ruga irin na Amurka a baki da haƙora suke. A 1947 wani likitan haƙori a Los Angeles, Rodney Lilyquist, ya yi wadda ake awonta daidai da haƙoran mutum, ta zauna daram ba sai an dantse ta ba. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta shiga maganar, a 1960 ta ba da shawarar a riƙa sa ta a wasannin da ake karo da juna. A 1962 aka wajabta ta ga 'yan wasan zari-ruga na makarantun sakandare, jami'o'i kuma sai a 1973. Raunukan baki sun faɗi warwas a wannan wasa, kodayake adalci shi ne a faɗi cewa a wannan zamanin ne aka ƙara wa hular kwano shingen fuska, don haka yabon na su biyu ne.

Hujjar da ta fi tsafta daga New Zealand ta zo, saboda ƙasar tana da hukuma guda, ACC, da ke biyan kuɗin jinyar duk wanda ya yi haɗari, kuma kowane haƙorin da ya karye a fili yana shiga littafinta. A 1997 hukumar zari-rugan ƙasar ta tilasta sa robar ga 'yan ƙasa da shekara 19, a 1998 ta faɗaɗa dokar ga kowane mataki na wasan cikin gida. Binciken da aka wallafa a 2005 ya gano cewa masu cewa suna sa ta sun ƙaru daga kashi 67 cikin ɗari zuwa 93 tsakanin 1993 da 2003, neman diyyar raunin haƙori kuma ya ragu da kashi 43 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2003. Akwai wani abu a labarin da ba a cika kula da shi ba. Rubuta dokar bai wadatar ba, sai da aka ƙara wa alƙalan wasa iko su fitar da duk wanda ya ƙi bi. Dokar da alƙali ba zai iya hukunta mai karya ta ba, shawara ce kawai aka sa wa riga.

Ireland ta ɗauki darasin. Ƙungiyar GAA mai kula da wasannin gargajiyar ƙasar, wadda duk 'yan wasanta masu sha'awa ne ba a biyansu albashi, ta wajabta robar a ƙwallon gargajiyar ƙasar ga yara da matasa daga 1 ga Janairun 2013, ga manya kuma daga 1 ga Janairun 2014. Ta yi abu biyu da na ga sun dace a kwaikwaya. Dokar ta haɗa da lokacin atisaye, inda babu alƙali kuma ake yawan sakaci, sannan wanda ya ji rauni babu roba a bakinsa ba zai ci gajiyar asusun jinyar ƙungiyar ba. Iyaye da masu horarwa ba sa wasa da maganar da ta taɓa kuɗin asibiti.

Masu adawa ba su rasa abin faɗa ba, kuma ba duka ne shirme ba. 'Yan wasa suna kukan cewa tana hana su numfashi da magana, tana sa yawu, wani lokaci har da yunƙurin amai. Mafi yawan wannan kuka daga irin robar yake fitowa. Akwai ta kanti da ake saye a sa yadda take, wadda dole sai an dantse ta sannan ta tsaya. Akwai wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi a ciza ta ɗauki siffar haƙora. Sai kuma wadda likitan haƙori ke yi bayan ya ɗauki awon baki, ita ce ta fi zama da kyau, ita ce kuma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Nan ne matsalar take. Doka takan ce a sa roba, ba ta cika faɗin wace iri ba. Sai ka ga yaro ya datse rabinta da almakashi don ta daina damunsa, ko yana taunarta a gefen baki har ta lalace, alƙali ya duba ya ga launi ya wuce. In kuma aka ce dole sai ta likita, yaron da bakinsa ke girma zai buƙaci sabuwa kusan duk kakar wasa, kuma ɗan mai ƙaramin ƙarfi ne zai fara barin fili. Duk hukumar da ta kafa dokar ba ta tanadi hanyar sauƙaƙa farashi ba, rabin aiki ta yi.

Sai maganar girgizar ƙwaƙwalwa, wato raunin da bugu a kai ke yi wa ƙwaƙwalwa, wadda ta rikita muhawarar fiye da komai. Tun shekarun 1960 ake cewa robar tana rage ƙarfin bugun da ke isa ƙwaƙwalwa ta muƙamuƙi, kamfanoni kuma suka mayar da wannan abin talla. A 2012 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta taka wa wani kamfani burki saboda yin wannan iƙirari ba tare da hujja ba. Daga baya an samu ɗan haske. Taron masana na duniya da aka yi a Amsterdam a 2022 ya ce a wasan hokin ƙanƙara, sa robar yana da alaƙa da raguwar girgizar ƙwaƙwalwa da kashi 28 cikin ɗari, ya kuma goyi bayan wajabta ta ga yara da matasa a wannan wasa. A sauran wasanni hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba. Ina jin tsoron a gina doka a kan alkawarin da ba a tabbatar ba, domin uwar da aka ce mata robar za ta kare kan ɗanta za ta iya barinsa ya koma fili bayan ya bugu. Amfaninta ga haƙora da leɓe tabbatacce ne, kuma ya isa hujja shi kaɗai.

A sama can, wurin ƙwararru, fasaha ta yi nisa. Tun farkon 2024 hukumar zari-ruga ta duniya ta shigar da roba mai na'ura a manyan gasanninta, wadda ke aika wa likita saƙo nan take idan ɗan wasa ya sha bugu mai tsanani a kai. A ƙasa kuwa taswirar a yage take. Dokokin makarantun sakandaren Amurka sun wajabta robar a zari-rugansu da hokin ƙanƙara da na fili da wasan lakros (wanda ake cafe ƙwallo da sanda mai raga), da kuma kokawa ga mai wayar gyaran haƙora, amma ba su wajabta ta a ƙwallon kwando ba, alhali gwiwar hannu tana zubar da haƙora a ƙarƙashin raga babu hula babu shinge. Ƙwallon ƙafa ta tilasta sa kariyar ƙwauri tun 1990, amma har yau dokokinta ba su nemi mai tsaron gida da ke faɗawa ƙafafun 'yan gaba ya sa komai a bakinsa ba.