Muhawarar masu kallo kan fina-finan kimiyya na tushen labari

Fim ɗin tushen labari shi ne wanda ake shiryawa bayan wani fim ya riga ya fito ya yi suna, amma abin da yake ƙunshe da shi ya faru ne kafin labarin na farkon. A fagen ƙagaggun labaran kimiyya irin wannan fim ya fi jawo ce-ce-ku-ce, saboda mai kallo yana zama ne ya riga ya san inda za a ƙare, abin da ya rage wa marubuci shi ne ya gamsar da shi kan yadda aka kai can. Muhawarar takan rabu gida biyu: ingancin ginin jarumai, da kuma ɗabi'ar waɗanda labarin ya gabatar a matsayin mutanen kirki.

Tarihi

Mafi yawan wannan jayayya ta taso ne daga jerin fina-finan Star Wars. George Lucas ya saki fim na farko a 1977, biyu suka biyo baya a 1980 da 1983, inda aka san Darth Vader a matsayin bos mai baƙin sulke wanda daga bisani ya bayyana cewa shi ne mahaifin jarumin labarin. Bayan shekara 16 Lucas ya dawo da fina-finai uku, a 1999 da 2002 da 2005, domin nuna yadda yaro mai suna Anakin Skywalker ya rikiɗe ya zama Vader. Sun tara kuɗi masu yawa, amma manyan da suka taso da na farko sun karɓe su da ƙorafi. A 2009 wani dogon sharhin bidiyo na RedLetterMedia, masu sharhin fina-finai a intanet, ya yaɗu a YouTube, ya zama madogarar masu suka na tsawon shekaru, musamman hujjarsa cewa fim ɗin 1999 ba shi da takamaiman jarumin da za a bi.

Ra'ayi ya fara sauyawa ne wajen tsakiyar shekarun 2010, lokacin da yaran da suka kalli fina-finan suna ƙanana suka girma suka samu murya a intanet. Shirin zane mai motsi na The Clone Wars, wanda aka fara a 2008, ya taimaka, domin ya bai wa Anakin sararin da fina-finan ba su ba shi ba. Sayen kamfanin Lucas, wato Lucasfilm, da Disney ya yi a 2012, da sababbin fina-finan da suka biyo, ya sa wasu suka koma suna yabon abin da a da suke kushewa.

Ginin jarumai

Babban ƙorafi shi ne faɗuwar Anakin ta zo da gaggawa. A fim ɗin 2005 ya miƙa wuya ga Palpatine, shugaban gwamnati mai ɓoyayyen mugun nufi, saboda tsoron matarsa Padmé za ta mutu wajen haihuwa, kuma ba a jima ba aka gan shi ya zare takobi a kan yara masu koyo a haikalin Jedi, ƙungiyar mayaƙan da shi kansa yake cikinta. Masu kare fim ɗin suna tuna cewa tun a na 2002 ya hallaka wani zango na mutanen sahara, har da mata da yara, bayan mahaifiyarsa ta cika a hannunsa. Sai dai wannan hujjar ta buɗe wata ƙofar: ya shaida wa Padmé abin da ya aikata da bakinsa, ita kuma, duk da cewa 'yar majalisa ce mai kishin adalci, ta aure shi a ɓoye kafin fim ɗin ya ƙare. Mutuwarta ma an soke ta, tunda na'urar likita ta ce lafiyarta ƙalau, son rayuwa ne kawai ya fita daga ranta.

An zargi siffanta Jar Jar Binks da Watto, wasu halittu biyu a fim ɗin 1999, da ɗauko tsofaffin hotunan raina wasu al'ummomi. Lucas ya musanta. Ahmed Best, wanda ya fito a Jar Jar, ya bayyana a 2018 cewa tsangwamar da ya sha ta kai shi ga tunanin kashe kansa.

Ɗabi'ar Jedi

A nan ne muhawarar ta fi nauyi, kuma ita ce ta fi daɗewa. Jedi masu tsaron zaman lafiya ne, amma ɗaya daga cikinsu, Qui-Gon Jinn, ya 'yanto Anakin daga bauta ta hanyar caca a kan tsere, ya bar uwarsa Shmi a hannun ubangidanta, kuma ƙungiyar ba ta koma ta fanshe ta ba. Wani manomi ne ya 'yanta ta ya aure ta. Ƙa'idarsu ita ce ɗaukar yara tun suna ƙanana da hana su shaƙuwa da kowa, har ma sun fara ƙin karɓar Anakin mai shekara 9 a kan ya yi girma. Sannan suka amince su jagoranci rundunar sojojin da aka kwafo daga jikin mutum ɗaya, Jango Fett, aka hanzarta girmansu, aka rage musu ƙarfin bijirewa umarni, ba tare da an nemi yardarsu ba. Mace Windu kuma, wani babba a cikinsu, ya yi yunƙurin kashe Palpatine ba shari'a.

Wani ɓangare yana ganin Lucas da gangan ya zana ƙungiyar da girman kai ya rufe wa ido. Ɗaya ɓangaren yana cewa fina-finan ba su taɓa tsayawa sun tuhumi batun bayin sojojin ba, don haka masu kallo ne suka cike giɓin da tunaninsu. A kan batun sojojin, hujja ta biyu ta fi ƙarfi.

Wasu fina-finan

Prometheus na Ridley Scott, wanda ya fito a 2012 a matsayin share fagen Alien na 1979, ya sha suka kan masana kimiyyar da suka cire hulunan kariya a baƙuwar duniya, yayin da mutum-mutumin inji mai suna David, da ya zuba wa abokin tafiyarsa ƙwayar cuta a abin sha, ya fi kowa samun yabo.

A Kano

Masu bin waɗannan fina-finai a birnin Kano ƙalilan ne idan aka kwatanta da masu kallon na Indiya da na Kannywood, inda aka saba labari ya ci gaba daga kashi na ɗaya zuwa na biyu. Sun fi samun su ta tauraron ɗan'adam, da wurin masu tura fim a waya. Idan hira ta taso a majalisa ko a teburin mai shayi, barin uwa cikin bauta shi ne laifin da ba a yi wa Jedi uzuri a kansa, auren ɓoye ba waliyyi kuma akan ɗauke shi a matsayin mafarin ɓarna. Wasu kan kawo zancen ƙaddara, tunda tun Anakin yana yaro aka ɗauke shi a matsayin wanda wani tsohon hasashe ya ambata, wasu kuma su amsa cewa kowane mataki da zaɓinsa ya taka shi. Tubansa a fim ɗin 1983, inda ya ceci ɗansa ya rasa ransa, har yanzu ana saɓani kan ko ya isa ya shafe jinin yaran haikalin.