Minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Na daɗe ina amsa waɗannan tambayoyi a ɗakin duba marasa lafiya a nan Damagaram, shi ya sa na tattara su wuri guda, domin wanda ya sake tambaya in ce ya je ya karanta.

Shin minshari cuta ne?

Ba kowane ba. Wanda ake tsoro shi ne mai yankewa: mutum yana jan minshari, sai a ji tsit, can kuma ya fizgi numfashi kamar wanda aka shaƙe. Naman maƙogwaro ne yake saki cikin barci har ya toshe hanyar iska.

Ko dannau ne?

A'a.

Yaya zan gane, alhali ina barci?

Ba kai za ka gane ba, Malam, wadda take kwana kusa da kai ce, saboda haka ka daina jin haushi idan uwargida ta faɗa maka. Ta ɗauki sautin barcinka da waya, ka kai wa likita. Da rana kuma akwai ciwon kai da safe, da bushewar baki, da gyangyaɗi ko ana tsakiyar huɗuba. Tabbacin cutar sai da awon barci, inda na'ura take ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 ko fiye a kowace awa. Ga babba, sau 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani.

Yarona yana minshari, in kai shi wanzami ya cire masa beli?

Kada ki kai shi, baiwar Allah. Abin da ya fi toshe numfashin yara shi ne girman ƙululai biyu na gefen maƙogwaro da wani nama da ke bayan hanci, aska kuwa ba ta isa can, abin da take jawowa zubar jini ne da ƙwayoyin cuta. Idan yaro yana barci baki buɗe, yana gumi, yana fitsarin kwance bayan ya daina, da rana kuma ga ƙiriniya da rashin natsuwa a makaranta, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne zai duba shi, musamman idan yana da sikila. Ki kwantar da hankalinki, yara da yawa suna samun sauƙi sosai bayan an yi musu aiki a asibiti.

An ce in sayi na'urar CPAP, ga tsada, ga ɗaukewar wuta. In saya?

A nan ba zan iya cewa e ko a'a kai tsaye ba. Na'urar, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981, tana hura iska ta abin da ake ɗaurawa a hanci domin maƙogwaro ya kasance a buɗe, kuma ita ce maganin da ya fi aiki ga mai cuta mai tsanani. Sai dai ba ta warkarwa. Daren da ba a sa ta ba, cutar tana nan inda aka bar ta. Idan awonka ya kai 30, ko kana da hawan jinin da ya ƙi jin magani, ina ganin ka yi ƙoƙari ka saya, amma ka haɗa lissafinka da batir da faifan sola, domin na'urar da ba ta samu ko awa 4 a dare ba kusan ado ce a gefen gado. Ka tuna da ƙurar hunturu, wadda take cika matatarta da wuri. Kada kuma ka sayi ta hannu ka kunna da ka, domin likita ne yake daidaita ƙarfin iskar ga kowane mutum. Idan cutar mai sauƙi ce, mai yiwuwa rage ƙiba da kwanciya ta gefe su wadatar. Na ga wanda aka ɗinka wa goruba a bayan rigar barci don kada ya kwanta rigingine, kuma minsharinsa ya ragu, ko da yake ban ce hakan zai yi wa kowa ba. Akwai kuma abin sawa a baki lokacin barci, da likitan haƙori yake haɗawa, wanda ke turo haɓa gaba.

In sha maganin barci?

Kul. Yana ƙara sakin maƙogwaro, haka ma giya.

Ni direba ne, kuma goro yana riƙe ni.

Goro ba ya biyan bashin barci. Mai wannan cuta yana iya runtsawa a kan sitiyari bai sani ba, kai kuwa rayukan mutane kake ɗauka zuwa Maraɗi da Agadas. Ka ajiye makulli, ka zo a duba ka cikin wannan mako.